Kitson da Adda Safiya Ta Bari a Rabi

Ku matso kusa, ku gyara zama, wadda ke tsaye ta nemi gefen tabarma, akwai wuri. Labarin wata mata zan ba ku, wadda in kun taɓa ratsa lungunan Jekadafari da hantsi, ƙila kun ji dariyarta ta tsallako katanga ko da ba ku ga fuskarta ba.

Sunanta na yanka Safiyyatu, amma in ka shiga unguwar kana cigiyar Safiyyatu sai a yi ta kallonka kamar ka ɓata hanya. Ka ce Adda Safiya mai kitso, yanzun nan a nuna maka ƙofar langalanga mai koren fenti, dogonyaro na leƙowa ta saman gini. A gindin bishiyar nan take zama kan 'yar kujerarta, kibiya a bayan kunne, kwalbar mai a gefen ƙafa, kan wata a jingine da gwiwarta.

'Yar ruga ce ta wajen Dukku. In ka tambaye ta inda ta koyi sana'a sai ta ce a jelar saniya. Wai tana ƙarama goggonta ta hana ta taɓa kan mutane, don haka in an kai shanu mashaya sai ta lallaɓa bayan wata tsohuwar saniya ta kama jela ta yi ta kitsawa. "Na sha harbi," in ji ta, "shi ya sa yanzu duk mai tsalle-tsalle a hannuna ba ta ba ni tsoro." Aure ne ya kawo ta Gombe, gidan Malam Rufa'i mai gyaran keken ɗinki, mutumin da in ya yi magana sau biyu a yini sai ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Mutane kan ce Allah ya iya haɗi: ya ba shi kunne, ya ba ta baki.

Amma kada ku ɗauka baki kaɗai gare ta. Kun san yadda kitso yake. Mace ta zauna a ƙasa, ta juya baya, idonta na kan katanga ko kan yatsun ƙafarta, ba ta ganin fuskar kowa. To, abin da mace ba za ta iya faɗa ido cikin ido ba, a haka yake zubowa. Adda Safiya ta ji na miji, ta ji na suruka, ta ji na ciwon da ba a nuna wa kowa, kuma ban taɓa jin maganar da ta shiga gidan nan ta sake fitowa ta ƙofa ba.

A shekarun da garin ya shiga tsoro, lokacin da bam ya tashi a tasha, sojoji suka datse tituna da buhunan yashi, mata suka rage shiga kasuwa in ba dole ba, tsakar gidanta ya zama wurin sauke numfashi. A lokacin ne Jumma ta zo, Babarbariya daga Damboa, da yaranta da ƙullin kayan da ta iya ɗauka a ka. Ta kama ɗaki a bayan layi tana haɗa turaren wuta. Ranar farko da ta zauna kitso, Adda Safiya ta tsaga kan ta ce, "Allah sarki, yau baiwata ta iso gida." Jumma, wadda aka ce tun da ta baro garinsu ba wanda ya ga haƙorinta, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Ke Bafillatana, yi aikinki, uwargijiyarki na sauri." Aka kwashe da dariya. Kun san wasan Fulani da Barebari, tun daga ranar ba su huta ba.

Sai kuma Dokas. Nas ce a ƙaramin asibitin da matan unguwa ke zuwa awo, 'yar Kaltungo, katanga ɗaya ce tsakanin gidan da suke haya da na Adda Safiya. Da faɗa suka fara sanin juna. Akuyar Adda Safiya ta haura ta inda ginin ya zube, ta cinye hannun farar rigar aikin Dokas a kan igiya. Dokas ta shigo da rigar tana huci. Adda Safiya ta dubi rigar, ta dubi akuyar, ta ce, "Sista, ki yi haƙuri, ita ma aikin asibitin take sha'awa." Dokas ta so ta riƙe fushinta, dariya ta ƙwace mata.

Abin da ya ƙulla su kuwa ya fi akuya. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari aka sa dokar hana fita, ba keke ba mashin, a ranar naƙuda ta kama Adda Safiya, cikin autarta ne. Rana tsaka, ana jin harbi daga nesa, Malam Rufa'i na zagaye tsakar gida kamar kazar da ta rasa wurin saka ƙwai. Dokas ta taka turmi ta hauro katanga da jakarta, ita ta karɓi haihuwar Fauziyya a kan tabarma. Daga nan aka wuce maƙwabtaka. Da azumi kwanon kunu da ƙosai ke tsallaka katanga, da Kirsimeti shinkafa da kaza, kazar ma Dokas kan kawo wa Malam Rufa'i ya yanka da hannunsa don kowa ya ci hankali kwance. Duk kuma Asabar ɗin da kan Dokas ya tsufa, a gindin dogonyaron nan ake tsefe shi, don ta shiga coci ranar Lahadi da kyanta.

To, sai ga shekarar da aka kawo allurar korona, ana saura kaɗan a kama azumi. Kun tuna surutun da aka sha. Wannan ya ce tana hana haihuwa, wancan ya ce in an yi maka cokali zai manne a dantsenka. Dokas ta yi ta zama a asibiti da akwatin sanyi a gabanta, ba mai zuwa. Wata rana ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Fauziyya, ni an yi mini, ga ni da raina. Ciwon hannu ne da ɗan zazzaɓi, shi ke nan. Amma matan nan ba sa jin tawa, taki suke ji."

Adda Safiya ba ta tambayi abin da ke cikin kwalbar ba. Hannun da ya ciro mata Fauziyya ne zai soka, me za ta tambaya? Ta yafa mayafi ta je, ta dawo tana nuna wa kowa dantse. Ta sa Jumma ta ɗauko cokali aka gwada a gaban jama'a, ya faɗi ƙasa. "Kun gani? Ko cokali bai so ni ba." Kafin mako ya zagayo ta kwashi matan da ke zuwa kitso, har da Jumma da ta ce ba ta yarda Bafillatana ta riga ta komai ba, har da Nana Hadiza, wata 'yar kwaleji da ba ta daɗe da aure ba. Abin da ta faɗa musu shi ne, "Sista ta ce ba komai. In da komai, ni ku kama."

Aka kama azumi, sai al'adar Adda Safiya ta zo ba lokacinta ba. Ta ce to, ƙila lissafi ne ya kuɓuce mata. Kwanakin da ta saba suka wuce, abu bai ɗauke ba. Ya ɗauke, ta yi wanka ta ɗauki azumi, kafin la'asar ya dawo. Ga shi da yawa, irin wanda ba ta taɓa gani ba sai bayan haihuwa. Ku da kuka sani kun sani, ga mace a watan azumi wannan ba zancen wankin zane kaɗai ba ne. Yau da azumi take ko babu? Ta yi salla ko ta bari? In ta bari tana tsoron ta bar farilla, in ta yi tana tsoron ta tsaya gaban Ubangiji ba tsarki. Matar da ke cika gida da surutu ta koma laɓewa a kicin tana kurɓar ruwa kamar ɓarauniya a gidanta, don kada yara su gani su yi tambaya.

Ta ɗauka ita kaɗai ce. Sallar la'asar ce ta tona. A gidan mai kitso in ladan ya kira, masu jiran layi sukan tashi su ɗauki buta, wadda ke fashin salla ta yi zamanta, ba mai tambayar ta, ba mai kallon ta. Haka ake yi. Amma Adda Safiya ta lura tabarmar ba ta raguwa yadda ta saba. Jumma da ta zauna wancan makon, ga ta zaune wannan makon ma. Matar mai shagon bakin layi ma haka. Nana Hadiza kuwa kullum tana cikin masu tashi, tana murmushi ita kaɗai, tana miƙewa a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Da kan Jumma ya zo hannu, Adda Safiya ta sunkuya ta ce ƙasa-ƙasa, "Baiwata, lafiya kuwa? Na daɗe ban ga goshinki a ƙasa ba."

Jumma ta gyara zama. Can ta ce, "Ke ma ai ban gan ki da buta ba."

Kowace ta gane.

Da yamma Adda Safiya ta taka turmi ta kira Dokas, ta faɗa mata a kaikaice, yadda Bafillatana ke faɗin irin wannan. Dokas ta dawo aiki ke nan a gajiye, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, "Haba Maman Fauziyya, ba allura ba ce. Babu wannan cikin abin da aka koya mana. Azumi ne da zafi. Don Allah kada ki faɗa a gaban matan nan, kin san yadda magana ke tashi a garin nan. Ki zo gobe likita ya gan ki."

Ta je. Ta yi zaman benci tun hantsi har rana ta take tsaka. Likitan saurayi ne, ba shi da muguwar fuska, layin da ke ƙofarsa kuwa ya kai bakin titi. Kafin ta gama kewaye-kewayenta ta iso kan maganar, ya riga ya fara rubutu.

"Shekarunki nawa, Hajiya?"

"Sun kai arba'in, ko sun ɗan gota."

"To ai shi ne. Shekaru ne. Jiki ya fara sallama."

"Likita, ba ni kaɗai ba ce. Akwai waɗanda na isa in haife su."

"Ku mata kuna da sa abu a rai. Kun ji jita-jita, sai jiki ya bi. Ki rage tunani, ki sha wannan." Ya miƙo takarda, idonsa na kan ƙofa. "Na gaba."

Daga baya ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne, tun da ta shiga har ta fito mutumin nan bai ga kalar mayafinta ba. Dokas na can ƙarshen baranda tana awon jarirai, ta ɗaga hannu ta ce, "Kin gani ko? Na faɗa miki ba komai." Adda Safiya ta gyaɗa kai ta wuce.

Zancen salla dai malamar Islamiyyarsu ce ta warware mata. Ta zaunar da ita, ta ji komai tun daga farko, ta nuna mata inda jinin al'ada ke tsayawa da inda na ciwo ke farawa, ta ce ta yi wanka ta kama ibadarta. Wannan nauyin ya sauka. Wani ne ya hau.

Nana Hadiza ta shigo wata safiya ido jajur, ba ta zo kitso ba. Ashe tata al'adar ƙin zuwa ta yi, ta ɗauka rabo ne, har ta faɗa wa miji, miji ya kasa riƙewa ya faɗa wa uwarsa. "Wallahi Adda, tes ɗin ciki biyu na yi, duk negetif. Jiya kuma sai ga shi ya zo. Yanzu Hajiyarmu cewa take allurar nan ce, wai nas ɗin nan ta kashe mini mahaifa, wai ke kika kai ni."

Kun san maganar unguwa, ba ta buƙatar kuɗin mota. Kafin a kai goman ƙarshe, Dokas in ta wuce da farar rigarta ta yi gaisuwa, sai a amsa da hanci. Matan kuma suka fara tuna wa Adda Safiya, cikin wasa wanda ba wasa ba, "Adda, kin fa ce mu kama ki."

Hanya biyu ce a gabanta, kowace da ƙaya. Ta ce Sista ta ruɗe ta ita ma, ta wanke kanta, ta bar Dokas a bakin mutane. Ko kuwa ta tsaya wa Dokas, ta dubi matan nan ta ce musu ba komai, tunani ne, ita da ke wanke zane a ɓoye. Ga kuma haushin Dokas ɗin a ranta, don ba likitan ne ya fi yi mata ciwo ba, hannun nan ne da aka ɗaga mata daga ƙarshen baranda. Kwanon kunu bai fasa tsallaka katanga ba, amma yanzu ajiye shi ake a kan gini a juya. Abin da ke shirin tsinkewa a nan ya fi lafiyarta damunta, zumuncinta da Dokas ne.

Har Malam Rufa'i sai da ya yi magana. Yana ɗaura agogo zai fita, ya dubi ginin ya ce, "Safiya, katangar nan ƙara tsawo ta yi ne?" Bai jira amsa ba ya tura mashin ɗinsa.

Asabar ɗin ƙarshe kafin salla, gidan ya cika maƙil da masu kitson salla, tabarma har bakin rijiya. Sai ga sallamar Dokas. Washegari zumuntar matan cocinsu ke da waƙa, kuma kanta bai san hannun kowa ba sai na Adda Safiya. Ta shigo da murmushin da ta ɗauro tun daga gida. Hira ta mutu kamar an zuba wa garwashi ruwa.

Adda Safiya ta dubi wadda ke kan layi ta ce, "Yi haƙuri ƙanwata, Asabar ta Sista ce tun kafin ki san gidan nan. Sista, zo zauna."

Dokas ta cire ɗankwali ta zauna. Aka tsefe kan tas, aka taje, gashin ya miƙe ya yi tsaye. Adda Safiya ta tsaga, ta fara shuku daga hagu, hannunta na tafiya kamar kullum. Da ta kai tsakiyar kai, sai ta soke kibiya a bayan kunne ta naɗe hannu.

Dokas ta jira. "Maman Fauziyya, lafiya?"

"Hannuna ya gaji. Shekaru ne. Jiki ya fara sallama."

Jumma ta toshe baki da mayafi. Dokas ta yunƙura za ta juyo, Adda Safiya ta dafa tsakar kanta.

"Zauna yadda kike. Ba za ki fita titi da rabin kai kamar kazar da aka fara figa ba. Ɗankwalinki kuma kada ki neme shi, a kansa nake zaune." Ta ɗago ta dubi matan. "Ku kuma ku ji ni. Ba wadda za ta zagi Sista a gidana. Wadda ta zage ta, da tsefaffen kai za ta je idi. Amma yau ita za ta kalli katanga, ku ku yi magana. Ba ta ganin fuskar kowa. Baiwata, fara."

"Kullum Babarbare ake turawa gaba in an ga rami," in ji Jumma. Amma ta fara. Ta faɗi yadda nata ya yi, yadda ya zo ya ƙi tafiya, yadda ta je asibiti wata ma'aikaciya ta ce mata ai 'yan gudun hijira ba a raba su da damuwa. "Na ce mata, 'yar nan, damuwa da ita na taho tun daga Damboa a ƙafa, ba ta taɓa hana ni salla ba."

Matar mai shago ta karɓa. Wata ta ce ita ba ta ga canjin komai ba, ko kaɗan, aka ce to ki gode Allah. Wata ta ce nata ciwon mara ne da ba ta saba ba. Nana Hadiza ta fara, kuka ya ci rabin maganar, Jumma ta jawo ta jikinta ta ƙarasa. Daga ƙarshe Adda Safiya ta faɗi nata, ba kewaye ba kara, da sunansa, a gaban mutane. Waɗanda suka san Fulani sun san abin da wannan ya ci mata. Tana faɗa tana kallon tsagar da ke kan Dokas.

Dokas ba ta juyo ba. Da ta yi magana, da katanga ta yi.

"Kun san shekara nawa na yi ina yawo da akwatin allurar shan inna gida-gida? An watsa mini ruwan wanke-wanke. An saka mini kare. Akwai shekarar da muka ji abin da aka yi wa masu irin aikinmu a wani gari, kowace safiya in zan fita sai maigidana Baban Debby ya tsaya a ƙofa ya yi mini addu'a kamar mai tafiya yaƙi. Da Maman Fauziyya ta faɗa mini, ban ji ta ba, tsorona na ji. Na ce in na amsa, gobe a ce mun kashe mahaifa, jibi a daina kawo yara ko allurar ƙyanda." Ta ja hanci. "Ban sani ba ko allurar ce. Gaskiyar ke nan, ban sani ba. Ba a ce mana mu tambaye ku wannan ba, mu ma ba mu tambaya ba. Amma ba ƙarya kuke ba. Sake ni in juyo."

Adda Safiya ta ɗauke hannu. Dokas ta juyo a kan gwiwoyinta, rabin kai a kitse rabi a tsaye, ta sa yatsa ta ja fatar idon Adda Safiya ƙasa ta duba. Ta kama tafin hannunta ta juya.

"Dubi idonki fari fat. Jininki ya yi ƙasa, kina zaune kina yi wa mutane tsiya. Litinin za ki zo a auna, ni zan tsaya a kai. Kina jin jiri?"

"In na tashi da sauri."

"Kuma ba ki faɗa ba."

"Wa ya tambaya?"

Dokas ta saki hannun. Ta bi tabarmar da rarrafe tana duba ido ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar yaushe ya fara, yaya yawansa. Wadda ta ga ya kamata ta zo asibiti ta ce ta zo ta neme ta da suna. Da ta iso kan Nana Hadiza ta riƙe hannunta biyu ta ce, "Jinkirin al'ada daban, rashin haihuwa daban. Za mu duba ki yadda ya kamata. Hajiyarku kuma ni zan je in same ta da ƙafata."

"A dai gama mata kitson nan kafin ta je," in ji Jumma, "kada tsohuwa ta gan ta haka ta suma, a ce shi ma allura ce."

Dariyar da aka yi ranar har mai shago ya aiko a ji ko lafiya. Adda Safiya ta ɗaga cinya ta zaro ɗankwalin, ya yamutse kamar an tauna, ta ce, "Dawo ki zauna, Maman Debby, kada hagu ta yi wa dama gori." Ta ƙarasa shukun. Waɗanda suka gani sun ce ba ta taɓa yi wa Dokas mai kyansa ba, ko da yake ta ɗan ja fiye da kullum.

Kada in bar ku da fargaba. Wata ɗaya, wata biyu, jikin kowa ya koma yadda ya saba. Adda Safiya ta sha maganin ƙarin jini tana ƙorafin ɗacinsa, ta rama azuminta a hankali. Nana Hadiza kuwa, in kun je unguwar yanzu, za ku gan ta tana bin ɗanta, wani ɗan ƙiriniya, da bulala. Dokas ta kama wata ɗabi'a: kafin ta soka wa mace allurar sai ta ce mata wasu sun ga canji a al'adarsu, ba ta da tabbacin dalili, in ta gani ta dawo ta faɗa mata. Wasu suna ji sai su gyara mayafi su juya. Shugabarta ta kira ta ta yi mata faɗa a kan tana korar mutane. Ba ta daina ba.

Da damina ta faɗi, lokacin allura ta biyu ya yi. Dokas ta taka turmi ta leƙo, kamar wancan karon.

"Maman Fauziyya, gobe ne fa. Za ki taho mini da su?"

Adda Safiya na tankaɗe, ba ta ɗago da wuri ba. "Zan zo da dantsena. Na kowa yana jikinsa."

"In kin yi magana duk za su zo."

"Na sani. Shi ya sa."

Ta faɗa wa matan ranar, ta faɗa musu ita za ta je, ba ta ƙara komai a kai ba. Da safe ta yafa mayafi ta fita. Jumma na bakin layi da laima, wai hanya ce ta haɗa su. Matar mai shago ta ce sai ta yi shawara. Nana Hadiza ba ta fito ba. Bencin da ya cika wancan karon, wannan karon ko rabi bai yi ba. Dokas ta dubi bencin, ta dubi ƙawarta, ba ta ɓoye cewa abin ya sosa mata rai ba. Ta goge dantsen da auduga, ta faɗa mata abin da take faɗa wa kowa tun daga farko har ƙarshe, kamar Adda Safiya baƙuwa ce. Adda Safiya ta saurara har ta gama, ta ce, "Na ji. Soka." Da aka tashi aiki keke ɗaya suka hau zuwa gida, suna musu a kan wadda ta fi taurin kai.

Har yau in zancen ya taso ba su daidaita ba. Dokas na cewa matan da suka ƙi zuwa da an kare su, kuma kalma ɗaya ce daga bakin Adda Safiya ta rage. Adda Safiya na cewa ba ta ƙara ɗaukar jikin wata ta ɗora a kan bakinta.

To, ku da kuka zauna kuka ji, in ku ne a kan 'yar kujerar nan, kun yarda da amfanin allurar, kun kuma san maganarku za ta cika bencin, za ku buɗe baki ku tara su, ko za ku yafa mayafi ku tafi da dantsenku kaɗai?